Tsayin shingen bayan gidanmu

Shekarun baya can, da muka bar ɗan flat ɗinmu na wajen Old Kent Road muka koma wani ƙaramin gida a gabashin London, ji nake kamar na gama da duniya. Bayan gidan ɗan fili ne mai ciyawa, daga ƙarshensa sai ruwa, irin mashigin nan da dogayen jirage suke bi a hankali, masu su na zaune a kai suna shan shayi. Tsakaninmu da ruwan babu komai sai wasu ruɓaɓɓun katakai da ko gwiwata ba su kai ba.

A shekarar ne mahaifiyata ta zo ganin likita a Marylebone saboda ciwon ƙafa. Ni kuwa da wata manufa a raina. So nake in an gama magani ta zauna da mu gaba ɗaya, tunda mahaifinmu ya rasu, ƙannena sun watse, ita kaɗai ta rage a gidanmu na Yawuri. Sai na zauna na yi nazari irin na 'yan boko, na yanke cewa abin da zai hana ta zama shi ne rashin sirri. Ina za a ce dattijuwar Bahaushiya ta zauna a tsakar gida ba katanga, duk Baturen da ya wuce a jirgi sai ya ɗago mata hannu?

Na duƙufa shirin shinge ba ji ba gani. Na auna, na sake aunawa. Mai aikin da na kira ya ce katako ba ya daɗewa a bakin ruwa sai an shafa masa magani, kuma iska tana tumɓuke dogon shinge in ba a bar mata 'yan kafofi ba. Na ce ni ko kafar allura ba na so. Ya ce to, tsayin da nake nema sai da izinin council, wato ƙaramar hukuma. Na yi ta zarya, har matata ta naɗa mini sarautar Sarkin Magina.

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da magana sai ta gaya wa matata, ko da ina zaune a wurin. Kullum bayan la'asar takan ja kujera ta fita, ta lulluɓa da mayafi biyu saboda sanyi, ta fuskanci ruwan. Ni kuma ina leƙenta ta taga ina tausayinta, wai haƙuri take yi kafin in gama.

Ranar da na kafa sanduna na ja igiya don in ga inda tsayin zai tsaya, ta ɗaga kai ta dubi igiyar, ta juya wajen matata.

"Wancan gidan yari zai gina ne?"

Matata ta danne dariya ta ce, "Mama, don ki sake ne fa, ki cire mayafi in kin ga dama. Har ya yi booking ɗin mai aikin."

"Ki ce masa ni a bakin ruwa aka haife ni. Gidan babana in ka buɗe ƙofar baya, kwale-kwale kake gani. Tun da na zo garin nan, ruwan nan ne kaɗai na gane."

Daɗi ya kama ni. Na ce to shi ke nan, an yi cancel, in dai za ta zauna. Sai ta ce wa matata ruwan yana da kyau, amma ba ya ƙarnin kifi, babu masu wanki a bakinsa, ba kuma wanda zai ƙwala mata gaisuwa daga jirgi ya tambayi mutan gida. Ta ce kullum ta dube shi, gida yake kiranta.

Da ƙafar ta yi sauƙi ta tafi. Na roƙa, na sa an roƙa, ba ta canza ba. A lokacin 'yarmu ta fara rarrafe, shinge ya zama dole. A filin jirgi, ba tare da ta dube ni ba, ta kama hannun matata ta ce, "Ki ce masa ya yi shi gajere, yadda mai zama zai ga ruwa. Shi ma wata rana zai so gani."

Haka na yi shi, iya ƙugu. Ba ta taɓa ganinsa ba, Allah ya yi mata rasuwa kafin ta sake zuwa.

Ban san ko na koyi wani abin kirki ba, ban da cewa ban san mahaifiyata yadda na zata ba, kuma har yau ina so a ce ta zauna ko da shekara ɗaya ce. Kewarta ba ta ragu ba. Yanzu bayan la'asar ni nake jan kujera in fita, sanyi ko ba sanyi. Masu jirage suna ɗago mini hannu, ina ɗaga musu, babu ko ɗaya da ya san ɗan wace ce ni.