Jajayen jatan lande da Gwaggo

A tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu kusa da Abu Na'ama akwai ƙananan jatan lande, launinsu kamar na ruwa. Wata rana na ga kaɗan masu ɗan ja, na kawo su gida na zuba a tsohon zir, randar da muka daina sha a cikinta. Duk haihuwar da suka yi sai in ware waɗanda suka fi ja, sauran in mayar tur'a. Shekara ukku ina haka, har suka koma ja wur kamar karkade, wato zoɓo.

Da Sallah ta matso, Gwaggo ƙanwar mahaifina ta zo daga Damazin. Ita ba ta iya zama a gida ba ta wanke randuna ta turara su ba. Na dawo daga gona na iske zir ɗina a kife bisa hayaƙi.

Ta ce, "Ɗana, ba ka jin kunya? Gansakuka har da jajayen ƙwari!"

Na ce, "Gwaggo, ina ruwan?"

"Ana zubar da ruwa ne? Yana kwamin jaki."

Na ruga. Jakin yana tsaye yana kallon kwamin, ya ƙi sha. Na kwashe jatan landen da ludayi na zuba a ƙwarya, har da matan masu ƙwai.

Gwaggo ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Shekara ukku, ko miya ɗaya ba su isa ba." Amma ita ta riƙe mani ƙwaryar har na gama.