Ranar da Inna ta daina gani

Na shiga ɗakin Hadiza, matar ƙanena, a Dingyaɗi, na tarar ta ɗaure jaririnta a ƙirji cikin riga, tana gyangyaɗi.

Bakwaini ta haifa. A asibiti aka ce ta riƙa goya shi ta gaba, fatarsa a kan tata, don ɗumin jikinta ya riƙe shi.

Sai dai ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari gaban surukai. Tun da suka dawo a hannun Innarmu yake wuni. Hadiza kuwa ba ci, ba barci, yaron ma ba ya ƙaruwa.

Muna zaune Inna ta leƙo. Hadiza ta zabura tana kwance zanen.

"Yi haƙuri Inna, yaron ne ya yi sanyi."

"Wane yaro? Idanun ga sun mutu, ɗiyata, ban ga komi ba. Kwano niz zo ɗauka."

Ta fita babu kwanon.

Ranar Hadiza ta cinye tuwonta, ta yi barci har la'asar.

Har gobe Inna ce ke zura mana zare a allura.

A gidajenku ma akwai masu irin wannan makantar?