Kifin Sadakar Yaya Umaru

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Umaru a nan Dubai, nesa da kogin da aka haife mu a bakinsa a ƙasar Yawuri. Na so bana in yi masa addu'a kawai in yi shiru. Amma mako biyu ke nan zama ya gagare ni. In buɗe shago a Al Sabkha, in rufe, in zaga tashar bas, in dawo, kamar kazar da ta rasa wurin saka ƙwai.

Yaya ɗan masunci ne da ya yi boko har ya zama dakta a ilimin kifi. A Sikotlan ya yi karatu, a kan wani kifi da ake kira salmon, daga baya wani kamfani ya ɗauko shi nan, inda suke kiwon kifin a manyan tankuna masu sanyi a tsakiyar hamada. Ɗaki ɗaya muka zauna a Hor Al Anz, don haka na sha karatu ba da sona ba. Nakan tsokane shi cewa ya je har Turai ya koyo abin da Baba ke yi da tsohuwar koma.

Kifin nan, in ji shi, a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya fita teku ya yi shekaru, sannan ya dawo kogin haihuwarsa ya zuba ƙwai. Kowane kogi da zuriyarsa, wadda ta gaji sanin sanyin ruwansa da lokacin cikarsa. Da kifin ya fara ƙaranci, sai masu son taimako suka ƙyanƙyashe na gona suka riƙa zubawa a koguna. Na gona suka gauraya da na kogi, aka haifi 'ya'yan da ba su iya zaman kogin ba. Gyaran gangar Abzinawa, haka yake kiran abin. Ya sha gaya mini cewa tarwadar garinmu ma haka take, ranar da aka cuɗa ta da ta gona, an yi asarar da ba ta da mayarwa.

To, Juma'ar waccan 'yan garinmu suka taru a sito na Alhaji Ɗanladi, shugabanmu, a Al Quoz. Masunta a gida suna kukan kogi ya yi fayau. Sai aka yanke cewa za a yi wa Yaya sadakatul jariya: a sayi 'ya'yan tarwadar gona, irin waje mai saurin girma, a zuba a koginmu farkon damina, da sunansa.

"Malam Isa, kai za ka jagoranta, ɗan'uwanka ne," in ji Alhaji. "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan kifi, wace sadaka ta fi masa wannan? Khalas, magana ta ƙare, yalla a shafa fatiha."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Na shafa tare da kowa.

Wannan kalma ita ke cina har yau. Mutanen nan su suka wanke shi, su suka ɗauki makararsa. Ta yaya ƙani zai miƙe a gabansu ya ce kada a yi wa yayansa sadaka? In na yi haka, kafin in koma shago labari ya kai gida cewa Isa ya hana mamaci lada. Gaba kura, baya sayaki.

Da Yaya ne a wurin, na san ba zai yi kara ba, don bai iya ta ba. Zai tambaye su yaushe rabon da Sarkin Ruwa ya rufe guraben kamun kifi lokacin da kifi ke ƙwai, kamar yadda ake yi muna yara. Zai tambayi wa ya hana masu su da gidan sauro, waɗanda ba sa barin ko ɗan tsakon kifi. Zai ce in dole sai an ƙyanƙyashe, a kamo iyayen daga kogin kansa, kuma da yawa. Sannan ya sha shayinsa, ya bar su da fushi.

Ni ɗan kasuwa ne, ban san ƙwayoyin halitta ba. Mai yiwuwa tarwadarmu ta jure. Abin da na sani shi ne kaya in sun lalace a kwantena ana iya mayar da su, amma abin da aka zuba a kogi babu mai tsamo shi.

Yaya ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Takardunsa suna cikin akwati, da Turancin da ba na ganewa. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne ɗan wannan sanin da ya cusa a kan ƙaninsa da ƙarfin tsiya. In na yi shiru, da hannuna na binne shi karo na biyu.

Alhaji, na san kana karanta wannan shafi. Abin da na kasa faɗa a gabanka, ga shi na rubuta, ka yafe mini. A haƙa rijiya da sunansa, ni zan fara ɗaukar diga. Amma ba zan kai kifin nan bakin kogi ba.