Yadda Matan Yantala Suka Gyara Mini Murhu

Ku matso, tattaɓa-kunnena, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta Gizo ba ce, tawa ce, ni Tabawa mai ginin tukwane, da ƙafata na taka ta.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya matse mu har muka daka irin shuka muka ci. Rumbu wayam, damina na tafe. Na ce wa ɗana Ila: "Ko a ka ko a goye, sai na kawo iri kafin ruwan shuka." Na ji labari itace ya yi tsada a Yamai, sai na gina murhunan yumɓu masu tsare wuta, na naɗe su cikin buhu.

Dogon Dutsi

Da assalatu muka bar ƙauye, Ila na kora jaki. Da hantsi muka iso tashar Dogon Dutsi, Ila ya juya gida da jakin. Motar da na samu kamiyo ce, babbar motar kaya, shaƙe da fatun shanun da suka mutu, wari kamar ya kayar da mutum. Direban ya ɗaga buhuna, ya yi nishi.

"Inna, duwatsu za ki kai birni?"

"Murhu ne."

"Mutane ba su da abin dafawa, ke kina kai musu murhu!"

"Kai dai tuƙa, ɗan nan. Bakinka ya fi motarka gudu."

Doso

Bayan azahar jandarma suka tsayar da mu, suna neman masu ɓoye hatsi. Ɗaya ya soka gindin bindiga a buhuna, na ji ƙas, murhu guda ya tafi. Ya leƙa, ya ce, "Yi haƙuri, tsohuwa." Nan motar ta ƙi tashi, muka kwana a tasha. Garin rogo na jiƙa da ruwa, da ƙuli-ƙulin dala.

Yamai

Da la'asar washegari na sauka unguwar Yantala, gidan Rahila, 'yar maƙwabtanmu na ƙauye, Kirista ce mai aikin asibiti. Ta ba ni tabarma da tuwon jar dawar taimako.

Na baza kaya a bakin Babbar Kasuwa. Kwana da kwanaki ana kallo ana wucewa. Sai ga Hamsatu, Bazabarma mai tuwon sayarwa a unguwarmu, Hausarta a karkace.

Ta gaishe ni da Zabarmanci: "Fofo, tsohuwa. Wannan murhu ne ko akushi?"

"Ɗauki ki gwada. In bai rage miki itace ba, maido."

Da safe ta maido shi, ta dangwarar a gabana. "Ke tukunyar ƙasa kika yi wa. Tawa ta ƙarfe ce, ta ƙi zama. Ina sa muciya ta hau rawa, saura kaɗan tuwon mutane ya kife!"

Raina ya ɓaci. Tun ba a haife ta ba nake taɓa yumɓu. Amma na ɗaga kai, na ga gabas ta fara haɗa hadari, ni ko kwanon tiya ɗaya na gero ban samu ba. Na haɗiye fushina, na gangara bakin kogi na ɗebo laka, na shiga gidanta da sallama.

"Kawo tukunyar taki."

Na girke ta a ƙasa, na fara gini kewaye da ita. Matan maƙwabta suka taru, kowa da bakinta.

"Ya yi tsawo, Inna, a zaune muke tuƙi."

Na rage.

"Bakin nan ya kalli iska, toka za mu ci."

Na juya shi.

Wata ta ce, "Miya fa? Sai na hura wata wutar?" Na huda masa hanya, na ƙara mazaunin ƙaramar tukunya a gefe, wuta ɗaya ta ci biyu. Wannan dabara ba tawa ba ce, ban ma san sunan matar ba.

Na farko ya tsage da ya sha wuta. Hamsatu ta ce a garinsu da kashin jaki suke kwaɓa laka. Muka kwaɓa, muka sake. Da ya bushe ta ɗora tukunya, ta tuƙa da ƙarfinta duka, tukunya ko motsi. Ta duba itacen da ya rage, ta rangaɗa guɗa.

Daga ranar ban koma kasuwa ba. Gida gida nake bi, kowace mace ta fito da tukunyarta ta faɗi yadda take so. Na ce kada a ba ni kuɗi, gero nake so, mai kyan ƙwaya, ko cikin tafi ne. Haka buhuna ya cika.

Gida

Motar kasuwa na hau, na zauna a kan buhun, ban sauka ba ko a shingen jandarma. Da magariba na shiga ƙauye, ƙasa a bushe, ba a yi ruwa ba tukuna. Na raba irin har da maƙwabta. Ran Juma'a sama ta sako, muka shuka.

Hamsatu ta koyi ginin, ta gaje sana'ar a Yantala, na kuwa yafe mata. Rahila aka mai da ita Maraɗi, can ta tsufa, can aka rufe ta. Direba mai baki, ban ƙara ganinsa ba. Ila shi ne kakanku da ke gyangyaɗi can gindin bango, geron shekarar nan ya rayar da shi har ya haifi iyayenku. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga matan Yantala. Nan ta ƙare, ku tashi ku wanke hannu.