Sunan Kawu a Cikin Ordinatar

Ni ba makarantar gyara na yi ba. Buga takarda na koya, kuma da shi na buɗe ɗan shagona a Sabon Gari, inda nake buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Kullum daga Tsibiri nake zuwa a kan kabu-kabu, in koma kafin magariba. Haushi ne ya mayar da ni mai gyara. Sau biyu ina kai ordinatar tawa, wato kwamfuta, wurin masu gyara, sau biyu suna share mini komai, su ce ai ta warke. Daga na biyun na rantse ba mai ƙara sa mata hannu. Na yi ta kwance ta ina ɗaurawa, ina ɓatawa ina gyarawa, har na saba da shuɗin shafin nan da ake shiga kafin inji ya gama tashi, wanda ake kira Biyos. A can ake tsara wa inji yadda sassan jikinsa za su yi aiki da juna.

Malamar da ta koya mana buga takarda ta hore mu da cewa ba a taɓa takardar asali sai an kwafe ta. Shi ya sa nake da kaye guda, wato littafin rubutu, mai jan bango. Duk injin da ya shigo hannuna, sai na rubuta abin da na tarar a kowane layi na Biyos kafin in canza ko ɗaya. Maza masu gyara sun yi mini dariya a kan kayen nan har sun gaji.

Shekarar da ake rikicin tazarce, wata Litinin da hantsi, sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, a bakin shago. Bai taɓa tako wurin ba. Shi ne ya ce wa mahaifiyata, lokacin da za a sa ni koyon buga takarda, mace da inji sai ka ce babu turmi a gidan. Manomin rani ne a Jiratawa, yana da parsel, wato yankin gonarsa a bakin kanal, inda yake noma albasa da alkama. Da gonar nan ya aurar da ƴaƴansa, da ita gidansa yake ci.

Na ba shi kujera da ruwa. Bai sha ba.

"Ɗiyata," ya ce, "gonar ga za ta tahi."

Siyasa ta shiga ƙungiyarsu ta manoma kamar yadda ta shiga ko'ina a shekarar. Tsofaffin shugabanni da sababbi suka yi rigima, aka garƙame biro, wato ofishin ƙungiyar, wata da watanni. Da aka buɗe, babban littafin sunaye ya yi ɓatan dabo. Katin Kawu kuwa damina ta cinye shi ranar da ɗakinsa ya yi yoyo. Sabon shugaba ya ce ran Laraba duk wanda ba shi da shaida za a ba masu jira gonarsa. Shaidar da ta rage tana cikin ordinatar biron, ita kuma ta ƙi tashi. Sun kirawo wani teknisiye daga Yamai, ya ce sai an share komai an fara sabon jerin sunaye.

"Yaushe za shi share ta, Kawu?"

"Gobe da sahe. An ce mini kina taɓa abubuwan ga."

Kina taɓawa. Na haɗiye maganar, don ba ranar ramuwa ba ce.

Washegari na riga teknisiyen isa Jiratawa. Biron ɗaki ɗaya ne, manoma sun cika shi har bakin taga, ƙafafunsu duk laka. Da mutumin ya iso da jakarsa mai kyau da faifansa na share inji a hannu, ya dube ni, ya dubi kayena.

"Madam, birus ne, cutar inji," ya ce. "Na ga irin wanga ya hi a ƙirga."

"To a bar ni in gaishe shi kahin a kashe shi," na ce.

Wasu suka yi dariya. Shugaban ya ce ya ba ni har a kira azahar, daga nan faifai zai yi aikinsa.

Na kunna. Injin ya fara tashi lafiya, sai ya watso shuɗin allo na alamar matsala, ya mutu, ya sake farawa. Amma kafin haka na ga abin da ya kwantar mini da rabin hankali: kwanan watan da ya nuna ya koma baya shekaru. A jikin babban faranti na inji akwai ɗan pil, wato batir, mai faɗin kwabo, shi ke riƙe masa tsarinsa idan babu kuran, wato wutar lantarki. Watannin da biro ya yi a kulle, inji a cire daga bango, sun ƙarasa tsohon pil ɗin. Injin ya manta yadda aka tsara shi, ya koma yadda ya fito daga masana'anta.

Na kashe shi, na kwance bakin zanena, na ciro sabon pil na sa. Sannan na shiga Biyos, na buɗe kaye, na fara kwafewa layi bayan layi. Ina jin wani a bayana yana cewa ai wagga rubutu ta zo yi. Kawu yana tsaye a kaina, numfashinsa har wuyana. Gaskiya na ji tsoro. Idan hasashena bai yi daidai ba, babu wata dabara da ta rage mini, kuma a gaban jama'a zan ba shi kunya.

Na isa shafin da aka rubuta wa Chipset, inda ake tsara hanyar da farantin yake bi ya isa ga diski, ma'ajiyar komai. A layin diskin an rubuta AHCI. Na koma baya cikin kayena. Irin wannan inji, na kyautar masu ayyukan raya karkara, guda biyu sun taɓa shigowa shagona, kuma ga shi da rubutun hannuna, duk biyun a kan IDE aka ɗora musu tsarinsu. Kalmar farko da ta biyu hanyoyi ne daban. Injin yana ta neman diskinsa ta hanyar da ba a koya masa ba.

"Mi kika gani?" in ji Kawu.

"Kawu, ruwa shina nan cikin kanal. Ƙohwar da anka buɗe ce ba ta gonarmu ba."

Ya ce, "To toshe ta, ki buɗe tamu."

Layin nan ɗaya na canza, na gyara kwanan wata, na adana, na fita. Injin ya mutu ya taso. Ya zo daidai inda yake faɗuwa, sai ya wuce. Da ɗan kiɗan nan na buɗewa ya fito, ɗakin ya kaure da salati. Sakataren ƙungiya ya matso ya buɗe jerin sunayen, yana nan yadda aka bar shi, ko suna ɗaya bai ɓata ba.

Teknisiyen ɗan halak ne. Ya mayar da faifansa jaka, ya roƙi in ara masa kayen, ya kwafi layin a bayan wata takarda. Ban ɓoye jin daɗina ba, har juya masa shafin na yi don ya gani da kyau.

Kawu bai yi boko ba. Ya ce in nuna masa inda yake. Na gangara har na kai ga sunansa, da sunan mahaifinsa, da lambar parsel ɗinsa, na karanta da ƙarfi yadda shugaban zai ji. Shugaban ya gyaɗa kai, ya ce a buga takarda a sa hatimi, gonar ta mai ita ce. Kawu ya ɗora yatsansa a kan gilashin, daidai kan sunan, ya daɗe bai ɗauke ba. A shagona ko mijina bai isa ya taɓa mini gilashin inji ba. Ran nan tabon laka ya fito sarai, kuma ban goge shi ba.

Muna fitowa, tsofaffin da katinsu ya ɓata kamar nasa suka yi layi a bakin ƙofa, kowa yana jiran a karanta nasa. Ɗaya ya tambayi Kawu ko wace ce wannan malama.

Kawu ya ninke takardarsa huɗu, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe.

"Ɗiyar ƙanwata ce," ya ce. "Ni na matsa anka sa ta koyon aikin ga."

Na dube shi, ya kau da kai wajen kanal. Na ce, "Haka ne, Kawu."