Abin da na ɓoye wa Lawali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan aka kira ni: Lawali ya rasu, jim kaɗan bayan sallar asuba.

Tun ɗazu nake karanta yabon da kuke yi masa a dandalin nan. Duk gaskiya ne. Nawa ba daɗin ji gare shi ba, amma in na haɗiye shi yau ma, ba ni da wata rana.

Lawali direba ne a ma'aikatarmu da ke unguwar Yantala a Yamai, mutumin Maradi, ya girme ni da kusan shekara goma. Ni ne mai kula da ordinatocin wurin, wato kwamfutoci. In ba tafiya, sai ya tsaya bayan kujerata ya zuba ido. Ran nan ya ce, "Injiniya, wannan baƙin allon da kake wa magana yana amsawa, ni ma zai amsa mini?"

Don in samu abin dariya na saka masa Python, yaren ba wa na'ura umarni, a wata tsohuwar ordinatar tebur da aka jingine a kusurwa. Na nuna masa yadda ake yi: ka rubuta umarni layi ɗaya, ka danna, ta ba ka amsa nan take. Ya rubuta 2+2, ta ce 4. Ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa.

Kafin wata biyu, mutumin da bai wuce firamare ba ya fara yi mini tambayar da sai na koma gida na bincika. Abin da na yi shekara uku ina fama da shi a makaranta, shi yana kwasa tsakanin kai wasiƙa da wanke mota. Shugabanmu ya koma tsayawa a kusurwarsa, ba a teburina ba.

Hassada ta ci ni. Ba zan sa mata wani suna ba.

Ga laifina. Duk abin da ka rubuta a allon nan, da an ɗauke wuta ya tafi, kun kuwa san wutar Yamai lokacin zafi. Akwai hanyar adana aikin, minti biyu sun isa in nuna masa. Ya tambaye ni sau ɗaya, na ce, "Haka take, Malam Lawali, sai haƙuri."

Sai ya sayi kaye, wato littafin rubutu, kowane layi ya kwafe da alƙalami. Wuta ta dawo, ya sake bugawa tun daga farko da yatsa biyu, wani yinin har sau uku. Ni kuwa ina zaune ina kallo, ina kurɓar shayin da shi ya dafa mini.

Wata huɗu muka yi a haka kafin ya gano hanyar da kansa. Da ya je gida Maradi ma sai da ya riƙo mini ƙuli-ƙuli.

Shi ne daga baya ya rubuta wa manoman shinkafa na Saga ɗan tsarin da ke nuna gonar wa za ta sha ruwa wace rana. Na ji ana cewa rigima ta ragu. Ban taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba.

Juma'ar da ta wuce muka haɗu a unguwar Maourey bayan masallaci. Wallahi na nufe shi da niyyar neman gafara. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna, ya ce wa mutanen da ke tare da shi, "Ga malamina. Da ya nuna mini gajeriyar hanya, da ban haddace komai ba."

Ashe ya sani.

Na yi murmushi, na karɓi yabon, na wuce. A hanya har wannan kyawun zuciyar sai da na yi masa ƙyashinsa.

Bayan azahar za a yi masa salla. Liman zai ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, kowa zai ce ya yafe. Ba wanda zai iya tambayar mini Lawali ko shi ya yafe.

Allah Ya jiƙanka, Malam Lawali, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Wanda duk ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku sa ni a ciki, Allah Ya wanke mini zuciya.