Baƙuwa a Ɗakin Inna

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na gama aji huɗu na firamare a Fagam. Ina tsugune a bayan rumbu ina tsinke gyaɗar da aka tugo da sassafe, hannuwana duk ƙasa, sai Inna ta kira ni ta ce in wanke ƙafa in ɗaura zanen sallah. Da na shiga ɗaki na tarar an ƙulle kayana a tsohon zanenta, an ɗora allona a kai. Gwaggo Hanne, ƙanwar Baba da ke aure a Birnin Kudu, tana zaune a tabarma tana shan fura. Ita ce ta faɗa mini, ba Inna ba. Ta ce, "An ba ni ke, Rabi. A wurina za ki ƙarasa makaranta." Na kalli Inna, ita kuwa sai gyara faifai take a bakin ƙwarya kamar ba ta da wani aiki a duniya. Shekaruna goma sha ɗaya a lokacin.

Abin da ya ɗaure mini kai tun muna cikin mota shi ne Yaya Sale. Shi ne babbanmu, ga gemu, ga mata da 'ya'ya, amma ɗakinsa na nan cikin gidanmu, daga gefen turken shanu. Gandu ɗaya suke nomawa da Baba, tukunya ɗaya ake kwashe mana tuwo, ko kasuwar Basirka zai je sai ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, zan leƙa kasuwa." Ni da nake tsoron zagayawa bayan gida ni kaɗai in magariba ta yi, wai ni ce na isa barin gida, shi bai isa ba. Na yi ta juya abin a raina. Na ce ko laifi na yi, na tuna ranar da maraƙi ya ƙwace a hannuna ya tsotse nonon da za a tatsa. Na ce ko don na cika neman ƙarin tuwo ne.

Gwaggo ba ta taɓa cutar da ni ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta tattara komai ta ɗora a kaina: ita ke yi mini kitso, ita ke ajiye mini ƙanzo. Gidanta akwai famfo a ƙofa, na huta da jan guga, kuma a makaranta kan benci muke zama. Da tara muna yin carafke da 'yar gala-gala a gindin darbejiya, yara na kirana 'yar Fagam, wai kaina na ƙanshin man shanu. Ƙawata Ladidi ta taɓa jana gidansu, na ga yayarta, budurwa sosai mai karatun malanta, tana kwance a gadon mahaifiyarsu tana cin gyaɗa. Na dawo na tambayi Gwaggo shekara nawa mutum yake yi kafin ya bar gidansu. Ta yi dariya ta ce, "Ni ban kai shekarunki ba aka kai ni wurin kakarku ta Dingaya. Na yi kuka na gaji na daina." Ba amsar da nake nema ba ke nan.

Da kaka ta yi, wata safiya ina hanyar makaranta na hangi motar Malam Buba, wani direba ɗan garinmu, ana loda mata kaya a tasha. Na ce masa gida za ni, ya zaunar da ni a kan buhunan gishiri. Duk hanya ina shirya yadda za a yi, ko dai a zane ni, ko Inna ta rungume ni ta ce an fasa.

Ko ɗaya ba a yi ba. Na tarar da Inna tana sheƙar sabon gero a tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Lale, sannu da hanya. Ya Gwaggonki?" Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi, ta kawo mini ruwa a kwanon shan da ba a barin yara su taɓa. Na miƙe na ɗauki taɓarya in taya surfe, matar Yaya Sale ta karɓe ta ce in zauna, na sha hanya. Na leƙa ɗaki, wurin kwanana a bayan Inna ya zama na ƙanwata Ummi. Bayan la'asar Baba ya dawo daga gona. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni karatu, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, ki huta. Gobe Sale zai mai da ke gida." Na kalli rumbunmu, na kalli tsamiyar da nake hawa, na rasa ko ina nake zaune.

Washegari muka shiga mota ni da Yaya Sale. Sai da muka wuce Gwaram ya ce, "Ke kam kin ji daɗi. Ina saurayi na roƙi Baba ya bar ni in tafi Kano, ya ce wa zai riƙe masa garma." Ashe ni ina kallonsa a wanda aka fi so, shi kuma yana kallona a wadda aka saka. Muka sami Gwaggo a ƙofar gida idanunta sun kumbura, ta je makaranta, ta je asibiti, ta zaga unguwa tana cigiya. Ba ta dake ni ba, ta dai riƙe hannuna har muka shiga ɗaki. A wurinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji.

Yau ina koyarwa a wata firamare a nan Birnin Kudu. 'Yata ta tafi makarantar jinya tun ba ta cika ashirin ba, sai dai mu gaisa a waya. Ɗana kuwa ya doshi talatin, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yana nan a ɗakin zaure yana jiran aiki, ni nake zuba masa abinci. Babansa kan ce ya kamata a ce yaron nan ya kama gabansa, ya tambaye ni me na gani. Wata rana in ga gaskiyarsa, wata rana in ji ƙarar babur ɗin yaron ya shigo da yamma, hankalina ya kwanta. Yaya Sale ya tsufa a gidan nan na Fagam, 'ya'yansa maza duk sun watse birane, ba wanda ya tsaya ya nemi izini.

Da ina yarinya na ɗauka manya sun san lokacin da mutum ya isa barin gida, ɓoye mini suke yi. Inna ta rasu ban tambaye ta ba, ga shi yanzu ni ake tambaya.